Shanyewar Ɓarin Jiki a Tsakanin 'Yan Asalin Ostareliya: A Daina Ɗora wa Jini Laifi

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a bakin masu ilimi, har da wasu likitoci, duk lokacin da aka kawo zancen rashin lafiyar al'ummomin da Turawa suka tarar a ƙasashensu, irin su Aborijin na Ostareliya, da Mawori na Niyu Zilan, da 'yan asalin Amurka. Sai a ce ai abin a jininsu yake, gado ne. In aka ga wannan ba ta karɓu ba, sai a ƙara da cewa mutane ne masu taurin kai: ba sa zuwa asibiti sai ciwo ya ci ƙarfinsu, in an ba su gado su sulale kafin a sallame su, in an ba su magani su jefa ƙarƙashin filo. Masu faɗin haka ba duka ne masu mugun nufi ba. Wasunsu sun yi shekaru suna aiki a cikin waɗannan mutane, kuma abin da suka gani da idonsu suke faɗa. Ina ganin girmansu. Sai dai ina jin sun hango hayaƙi ne daidai, suka yi kuskuren gidan da wutar ke ci.

A kan girman matsalar dai ba mu da saɓani. Wani babban bincike da mujallar Lancet Neurology ta buga a 2024 ya nuna cewa a shekarar 2021 mutum biliyan 3.4 ne a duniya ke fama da wata larura ta ƙwaƙwalwa ko jijiyoyi, kuma shanyewar ɓarin jiki ce ke kan gaba wajen nakasa mutane da kashe su a cikin wannan rukuni. A Ostareliya, inda Aborijin da mutanen tsibiran Torres ba su kai kashi 4 cikin 100 na jama'a ba, bincike daban-daban sun nuna ciwon na kama su ninki biyu zuwa uku na sauran 'yan ƙasa, kuma yana kama su da sauran ƙuruciya, mutum yana tsakiyar neman abin kai wa bakin salati. A Niyu Zilan, binciken da aka daɗe ana yi a birnin Auckland ya nuna ɗan Mawori kan gamu da ciwon kimanin shekara 15 kafin Bature maƙwabcinsa. A yankin Kimberley kuma, a arewa maso yammacin Ostareliya, an gano a 2008 cewa kashi 12.4 cikin 100 na Aborijin da suka kai shekara 45 suna da ciwon mantuwa, wato kusan ninki biyar na sauran jama'a. Tazarar tsawon rai tsakanin ɓangarorin biyu har yau tana wajen shekara takwas. Duk wannan haka yake. Inda muka rabu shi ne dalili.

Mai cewa gado ne, ina so ya fara warware mini wannan. Aborijin sun yi dubban shekaru a nahiyarsu kusan ba su gauraya da kowa ba. Mawori 'yan tsibiran tekun Fasifik ne da suka isa Niyu Zilan a jiragen ruwa, shekara ɗari bakwai zuwa ɗari takwas da suka wuce. 'Yan asalin Amurka kuwa kakanninsu ta arewa maso gabashin Asiya suka tsallaka. Babu dangin iya, babu na baba. To, wane irin gado ne wannan da zai tsallake tekuna ya zaɓi mutanen da ba su haɗa kaka ba, ya ɗora musu ciwo iri ɗaya, a ƙarni ɗaya? Abin da suka yi tarayya a kai a fili yake: an ƙwace musu ƙasa, an canza musu abinci, an tura su gefe.

Kuma inda ba a kai ga canza musu rayuwa ba, labarin daban ne. A binciken INTERSALT na 1988, wanda ya auna cin gishiri da hawan jini a wurare 52 na duniya, an tarar mutanen Yanomami na dajin Amazon kusan ba su san hawan jini ba, kuma jininsu ba ya hawa don sun tsufa. A wani binciken da aka buga a 2017, an ɗauki hoton jijiyoyin zuciyar mutanen Tsimane na Bolibiya, aka tarar kusan 85 cikin 100 ba su da alamar toshewa ko kaɗan, abin da ba a taɓa gani a wata al'umma ba. Su ma 'yan asalin ƙasa ne.

Amma hujjar da ta fi kama ni ta fito ne daga Ostareliya kanta. A farkon shekarun 1980 wata masaniyar abinci mai suna Kerin O'Dea ta bi wasu Aborijin su goma, masu matsakaicin shekaru, dukkansu masu ƙiba da ciwon suga, daga wani matsuguni kusa da garin Derby suka koma daji, ƙasar kakanninsu, na tsawon mako bakwai. Ba kanti, ba fulawa, ba lemon kwalba. Abin da suka farauto ko suka haƙo shi suke ci: kifi, kunkuru, kada, naman kangaru, doyar daji, zuma. A ƙarshen makonnin a matsakaici sun sauke kimanin kilo takwas-takwas, sugan jininsu na safe ya kusa raguwa da rabi, kitsen jininsu ya faɗi. Ta buga sakamakon a 1984. Mutanen nan jininsu bai canza ba a mako bakwai. Da jinin da suka shiga daji da shi suka fito.

Yaya aka yi fulawa da sukari suka zama abincinsu tun farko? Ba su suka zaɓa ba. Bayan zuwan Ingilishi a 1788, sannu a hankali aka mayar da wuraren farautarsu makiyayar shanu da tumaki, aka tara su a sansanonin gwamnati da na 'yan mishan. Waɗanda suka yi wa masu garken shanu aiki, sau da yawa ladansu shi ne awon fulawa, da sukari, da ganyen shayi, da taba. A 1966 ma sai da mutanen Gurindji, ƙarƙashin jagorancin Vincent Lingiari, suka yi yajin aiki a Wave Hill saboda irin wannan zalunci. Wanda aka biya kakansa da taba da sukari, yau a zo ana yi masa faɗa wai ya cika son taba da sukari, ai da sauran magana. Har gobe kuma a ƙauyukan nesa, inda kanti ɗaya ne tal kuma sai mota ta yi tafiyar kwana kafin ta kawo kaya, ganye da 'ya'yan itace sun fi ƙarfin aljihun talaka, abincin gwangwani da lemon kwalba ne ke da sauƙi. Binciken INTERSTROKE da aka yi a ƙasashe 32 ya nuna abubuwa goma ne ke jawo kusan kashi 90 cikin 100 na shanyewar ɓarin jiki a ko'ina, hawan jini a gaba, sai taba, suga, ƙiba, rashin motsa jiki, ciwon zuciya da makamantansu. Baƙi da fari, duk abu ɗaya ne.

Akwai ma wata hanya da talauci ke bi ya kai ga ƙwaƙwalwa wadda ba a cika ambata ba. Yaro a gidan da mutum goma sha biyar ke kwana a ɗaki uku, famfo ya lalace, ba wurin wanka. Ya kamu da ciwon maƙogwaro, ko ƙazuwa ta buɗe masa fata, wata ƙwayar cuta ta shiga. In ba a yi masa allurar fenisilin ba, bayan 'yan makonni sai zazzaɓi da kumburin gaɓoɓi. In abin ya yi ta maimaituwa, sai ya cinye ƙofofin zuciyarsa. Zuciya ta dinga bugawa ba tsari, jini ya daskare a cikinta, wata rana gudan jinin ya ɓalle ya tafi ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa. Ga matashi ɗan shekara talatin a kwance, baki a karkace. Wannan ciwon zuciya ya kusa ɓacewa a unguwannin Turawan Sidni da Melbon tun shekaru da dama, amma a arewacin ƙasar, a cikin Aborijin, yawansa na cikin mafiya muni a duniya. Maganinsa gida mai sarari da ruwan wanka da allura a kan lokaci.

Kada a ce na ce gado ba ya taɓa yin tasiri. Mu da muka san sikila ba za mu faɗi haka ba. Yaro mai amosanin jini na iya shanyewa tun bai shiga sakandare ba, kuma wannan a jini yake, ba musu. Amma ko a nan, me aka gani? A Kano, a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da wasu asibitoci, likitoci sun nuna cewa in aka auna gudun jini a kan yaron da na'ura, aka gano wanda ke cikin haɗari, aka ɗora shi a kan maganin haidiroksiyuriya, haɗarin na raguwa sosai. Wato ko inda jini ke da laifi na gaskiya, kulawa ce ke raba wanda zai tashi da wanda zai kwanta.

Sai batun cewa ba sa zuwa asibiti da wuri. A nan nake so mu ɗan zauna, domin wannan ciwo abokin gabar agogo ne. Yawancinsa toshewar jijiya ce, sauran kuma fashewarta. In toshewa ce, akwai allurar da ke narkar da gudan jinin, amma sai a cikin awa huɗu da rabi na farko. Akwai kuma aikin zura siririn bututu ta jijiyar cinya a zaro gudan, wanda gwaje-gwajen 2015 suka tabbatar da amfaninsa, har ɗaya daga cikinsu a Melbon aka jagorance shi. Sai dai ba a yin ko ɗaya kafin a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa da na'urar siti-sikan, don in fashewa ce aka yi allurar narkarwa, kisa ne. An ƙiyasta cewa a babbar toshewa, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kusan miliyan 1.9 ke mutuwa kowane minti.

To, yanzu a ɗauki wata baiwar Allah a Kintore, wani ƙauye na mutanen Pintupi mai nisan sama da kilomita 500 yamma da Alice Springs, mafi yawan hanyar kuma ba kwalta. Da hantsi kofi ya suɓuce daga hannunta, magana ta sarƙe. A ce 'ya'yanta sun gane nan take, ba su ɓata ko minti ɗaya ba, suka ɗauke ta zuwa ɗakin shan magani na ƙauyen. Nas za ta auna ta, ta buga waya. Za a nemi jirgin likitoci, na wata hukuma da aka kafa tun 1928, in dai ba ya can wani ƙauyen kan wani mara lafiyar. Ya taso, ya sauka, a ɗora ta, ya koma, motar asibiti ta ɗauko ta daga filin jirgi, sannan a sa ta a na'ura. Ka lissafa da kanka. In kuma aka ga sai an zaro gudan, wannan aikin manyan asibitocin birni ne, Adelaide kuwa na da nisan kimanin kilomita 1,500 daga Alice Springs. A ranar, mutumin Melbon da ya faɗi a falonsa na iya samun motar asibiti mai ɗauke da na'urar hoton a cikinta, wadda ta fara aiki a 2017, a yi masa allura a ƙofar gidansa. Yankin Arewa na Ostareliya, inda Kintore take, ya fi Nijeriya faɗi, har ya ɗan ɗara Nijar, mutanensa kuma ba su wuce dubu ɗari biyu da hamsin da 'yan kai ba, kusan kashi ɗaya cikin uku Aborijin. Matar nan ba ta makara ba. An ajiye magani ne a inda ba za ta iya isa ba.

Wani zai ce, to ai wannan laifin sahara ne, ba na kowa ba. Da na yarda, in da a ce abin ya tsaya a bakin ƙofar asibiti. Amma mafi yawan Aborijin ma a birane da garuruwa suke zaune, ba a daji ba, kuma tazarar na bin su har cikin ɗakin jinya. Binciken da aka yi kan bayanan asibitocin ƙasar na 2009 ya nuna cewa Aborijin da aka kwantar da wannan ciwo sun fi ƙarancin samun gado a sashen musamman na masu shanyewar ɓarin jiki, sun fi jinkirin ganin masu gashin ƙashi da masu koyar da magana, kuma sun fi fita asibiti suna dogaro da wani. Wannan sashe ba ado ba ne. A can ne ake gwada ko mara lafiya na iya haɗiya kafin a ba shi ko kurɓin ruwa, don kada ya sarƙe ya tafi huhu. A can ake lura da zazzaɓi da suga, a tayar da shi zaune da wuri. An daɗe da tabbatar da cewa wannan kaɗai na rage mutuwa da nakasa. Mutumin da ke kwance ba ya iya ɗaga hannu ba shi ke zaɓar ɗakin da za a kai shi ba.

Guduwa kafin sallama kuwa gaskiya ne, tana faruwa, kuma ta fi yawa a cikinsu. Amma a tambayi dalili mana. A Yankin Arewa fiye da rabin Aborijin ba Turanci suke yi a gida ba. Akwai mai jin harsuna uku ko huɗu na yankinsa, Turanci ne na ƙarshe. Ga shi ciwon kansa na taɓa magana. An ɗauko dattijo a jirgi shi kaɗai, ba mata, ba ɗa, an kwantar da shi a ɗaki mai sanyin na'ura, baƙi na ta shiga da fita suna magana a kansa, ba wanda ya gaya masa da harshensa me ya same shi, ko yaushe zai koma gida. Wata budurwar nas ce za ta yi masa wanka, abin da al'adarsa ta ɗauka babban abin kunya. Kuma wannan dattijo ya girma a zamanin da hukuma ke raba 'ya'yan Aborijin da iyayensu da ƙarfi, wasu ma daga asibiti aka ɗauke su, abin da ya ci gaba har shekarun 1970, wanda sai a ranar 13 ga Fabrairun 2008 Firaminista Kevin Rudd ya nemi gafara a kai. Sai a 1967 ma aka yi ƙuri'ar raba gardama da ta ba da damar lissafa su a ƙidayar jama'ar ƙasa kamar kowa. In irin wannan mutum ya tashi ya nufi ƙofa, ni ban ga taurin kai ba. A Asibitin Darwin, da masu bincike na cibiyar Menzies suka matsa aka ƙara kiran tafintoci, sai yawan masu tafiya ba sallama ya ragu. Mutanen dai su ne, abin da aka ƙara kawai mai fassara.

Ko gwajin ciwon mantuwa ma sai da aka gyara. Da can akan tambayi tsoho kwanan wata, ko a ce ya ƙirga baya da bakwai-bakwai, ko ya rubuta jimla da Turanci, alhali bai taɓa shiga aji ba. In ya kasa, wa zai iya bambance ciwo da rashin boko? Shi ya sa masu bincike a Kimberley suka zauna da dattawan wurin suka tsara gwajin da ake kira KICA, mai amfani da hotuna da kayan da mutanen suka saba da su. Farfesa Beth Armstrong ta Jami'ar Edith Cowan da ke Perth ita ma ta yi shekaru tana sauraron Aborijin da ciwon ya taɓa musu magana, kuma abin da ya yi ta fitowa shi ne suna son gashin ƙashi da koyon magana, sai dai da zarar sun koma gida ba mai bibiyar su.

Wanda har yanzu yake ganin ba su damu da lafiyarsu ba, ga abin da suka yi da hannunsu. A 1971 Aborijin na unguwar Redfern a Sidni suka buɗe asibitin kansu, saboda wulaƙancin da suke sha a na gwamnati. A 1973 na Alice Springs suka kafa nasu. Yau akwai irin waɗannan cibiyoyi sama da 140 a faɗin ƙasar, al'umma ce ke tafiyar da su. Mutanen Kintore ɗin nan da na ambata, da suka ga ana kwashe dattawansu zuwa birni wankin ƙoda suna mutuwa a can cikin kewa, sai maza da mata suka zauna suka zana manyan zane-zane irin nasu na gargajiya, aka yi gwanjonsu a Sidni a shekarar 2000, aka tara sama da dalar Ostareliya miliyan ɗaya. A 2004 na'urar wankin ƙoda ta fara aiki a ƙauyensu. Wannan ne aikin mutanen da ba sa son magani? Shan taba ma, da ake yawan yi musu gori a kai, ya sauko daga kusan rabin manyansu a farkon shekarun 2000 zuwa kamar huɗu cikin goma kafin 2019. Har yanzu da yawa, amma ƙasa yake yi. Masu maganinsu na gargajiya kuma, waɗanda ake kira ngangkari a tsakiyar ƙasar, wasu asibitoci sun daina kallonsu a matsayin kishiyoyi, sun buɗe musu ƙofa suna shiga duba marasa lafiya tare da likitoci.

Na zaɓi in yi wannan magana da Hausa ne don kunnena ya saba da irinta a gida. Kalmomin da ake faɗa a kan Aborijin su ne muke faɗa a kan mutumin ƙauye da Bafillatanin ruga: ba sa zuwa sai sun gama yawon gidajen masu magani, sun ce iska ce, sun ce jifa ne. Wani lokaci haka ne. Amma binciken SIREN da aka yi a asibitocin Nijeriya da Gana, har da na Kano da Zariya, ya nuna hawan jini ne uban tafiya a wannan ciwo a wajenmu, nesa ba kusa ba, kuma mutum nawa ne a karkara aka taɓa ɗaura wa abin awon jini a hannu kafin ranar da ya faɗi? In ya faɗi, ina na'urar hoto mafi kusa, tana aiki kuwa, kuma nawa za a ce ya biya? Mai maganin gargajiya yana bayan gida, yana jin harshensa, yana karɓar bashi.

Don haka, 'yan'uwa likitoci da nas-nas da duk mai riƙe da biro a kan katin mara lafiya, roƙona gare ku ɗaya ne. Kafin ku rubuta cewa ya makara ko ya ƙi magani, ku tambaye shi daga ina ya taso, ƙarfe nawa ya samu mota, nawa ya rage a aljihunsa, kuma ko akwai wanda ya yi masa bayanin ciwonsa da harshen da yake ji. Ku rubuta amsar a katin, don masu kasafin kuɗin lafiya su gani.